Likita Mila Na Zariya

Da hutun da ya wuce, wata ranar kasuwa a ƙasarmu, tsakanin Gaya da Ajingi, na iske wani dattijo manomi zaune a gindin tsamiya, jakinsa na ɗaure a gefe, yana bin wani littafi mai baƙin bango da ɗan yatsa, leɓunansa na motsi kamar na mai tilawa. Na durƙusa na gaishe shi, na ɗan leƙa, sai na ga Hausa ce tsantsa da rubutun boko. Ashe Littafi Mai Tsarki ne na Kirista. Dattijon nan jinin Maguzawa ne, irin waɗanda iyayensu suka bar tsafi suka bi Mishan. Da na tambaye shi ko wane ne ya juya littafin da Hausa, sai ya nuna mini bai taɓa jin sunansa ba, bai ma taɓa tsammanin akwai hannun baƙo a ciki ba, don maganar ba ta yi masa kama da ta baƙo ba. Wannan shi ya sa da na komo makaranta na shiga bin diddigi, har na tattara ɗan abin da zan ba ku yau na labarin mutumin da ya fi kowa shan wahala a kan aikin nan.

Sunansa Walter Miller, amma Zazzagawa da Likita Mila suka san shi. An haife shi cikin shekarar 1872 a Honiton, wani ɗan gari a kudu maso yammacin Ingila. Ya yi karatun likita a babban asibitin St. Bartholomew na Landan, ya gama lafiya, hanyar arziki da suna ta buɗe masa a ƙasarsu, in da abin da ya ke nema ke nan. Amma ba a gane mutumin nan sai an san abin da ya gaskata, gama shi ne linzamin da ya ja shi duk tsawon ransa. Yana cikin Kiristan da suka riƙe cewa ɗan Adam, kome yawan ibadarsa da kyawawan ayyukansa, ba shi da abin da zai sayi tsira da shi wurin Allah. A wurinsu ceto kyauta ce wadda Allah ya bayar ta hanyar Almasihu, ba don mutum ya cancanta ba. Aikin bawa shi ne ya miƙa hannu ya karɓa, miƙa hannun nan kuwa shi su ke kira bangaskiya. Kyawawan ayyuka sai su biyo baya, kamar yadda godiya ke bin kyauta. Mu da muka tashi a makarantar allo ba baƙin rabin zancen nan ba ne, don malamanmu sun karantad da mu cewa aiki shi kaɗai ba ya shigad da bawa Aljanna sai da rahamar Ubangiji. Inda hanya ta rabu shi ne batun gicciye da matsayin Annabi Isa, inda Musulmi ba su yarda da abin da Kirista ke faɗi ba. To, ba gardamar nan na zo yi ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, mutumin da ya gaskata ƙoƙari ba ya sayen kome wurin Allah, da wuya a sami wanda ya kai shi ƙoƙari da naci. Kuma galibin abin da ya nufa da ƙoƙarin nan bai same shi ba, abin da ya samu kuwa har ƙofar gida aka kawo masa.

A zamanin nan Turawa ba su san ƙasar Hausa ba sai a bakin matafiya. Wani limamin Kirista mai suna Robinson ya iso Kano a ƙarshen 1894, ya koma gida yana ba da labarin birni mai ganuwa, da marina, da babbar kasuwa, da mutane masu karatu da rubutu. Labarin nan ya shiga zuciyar Mila. Cikin 1897 ya ba da kansa ga ƙungiyar Mishan ta C.M.S. Aka fara tura shi Saliyo, zazzaɓi ya koro shi. Sa'an nan ya tafi Tarabulus, a bakin Bahar Rum, inda fataken Kano da masu niyyar hajji ke sauka bayan sun ƙetare Sahara, ya zauna yana koyon Hausa a bakinsu. A can ya gamu da wani yaro Bahaushe, Abdul Majid, wanda ya fito da ubansa za su Makka, uban ya rasu a hanya. Suka shaƙu, daga baya yaron ya wuce don ya cika hajjinsa, kowa ya kama gabansa. Ku riƙe sunan nan, za mu sake gamuwa da shi.

Farkon 1900 su biyar suka tashi daga Ikko: Bishof Tugwell shi ne shugaba, sai Mila, da Richardson, da Dudley Ryder, da Burgin. Dogo bai iso Arewa ba tukuna, sai tafiyar ƙasa da 'yan alaro. Suka ƙetare Kwara, suka ratsa Zariya, suka iso Kano cikin watan Afrilu, zukatansu cike da zaton wai Hausawa sun gaji da mulkin Filani, da sun ji sabon zance za su ruga su karɓa. Sarkin Kano Aliyu Babba, watau Alu, ya sa aka shigo da su fada, ya ji bukatarsu ta su zauna su buɗe makaranta da ɗakin magani, ya ƙi, ya yanka musu 'yan kwanaki su bar masa gari. Ni dai ban ga laifin Alu ba. Ran 1 ga Janairu na shekaran nan Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lokoja, sojansa kuwa suna matsowa. Baƙi farare sun shigo ba da izinin Sarkin Musulmi ba, yaya za a yi sarki ya rarrabe mai littafi da mai bindiga? Bai kuwa yi kuskuren lissafi ba, gama cikin Fabrairu 1903 mai bindigar ya iso.

Suka juyo, suka sauka a Girku, kudu da Zariya. Nan Dudley Ryder ya kwanta ciwo ya mutu. Richardson ma ciwo ya kama shi, aka mai da shi gida. Wuta ta cinye bukkokinsu. Cikin 1901 Mila da kansa ya koma Ingila, jiki ba lafiya, hannu wofi, bai juyo da mutum ko ɗaya ba, ga kabarin aboki ya bari a baya. Ana nan sai ga labarin Abdul Majid. Yaron nan ya sauke farali, ya biyo ta Masar yana cigiyar Baturen da ya sani a Tarabulus, har aka sada su a Ingila. Wanda ya ƙetare teku yana neman birni guda bai samu ba, sai ga yaro ɗaya ya ƙetare teku yana nemansa. A shekaran nan Mila ya buga ɗan littafinsa na koyon Hausa domin Turawa, cikin 1902 kuma suka komo ƙasar Zazzau tare. Abdul Majid ya zama ɗan gidansa, daga baya ya shiga addininsa.

Da Turawa suka ci ƙasa, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addini ba, saboda haka aka tsare Mishan daga biranen Musulmi. Zariya ce ta fita daban. Cikin 1905, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, Mila ya sami wuri a cikin birni, a unguwar Durumin Maigarke, ya zauna nan shekara ashirin da 'yan kai.

Wanda ya ke so ya ga bangaskiyar Likita, to, a shekarun nan zai dube ta, ba kuwa a bisa mumbari ba. Ya sa riga irin tamu, har manyan Turawan mulki suka ji haushi, suna ganin ya zub da girman farar fata. Masu gyambo da masu ciwon ido suna zuwa ƙofarsa, yana wankewa yana ɗaurewa, ba a ce sai mutum ya bar salla kafin a ba shi magani. Ya tara yara a gidansa, waɗansu marayu, waɗansu 'yantattun bayi, ya ci da su, ya tufasad da su, ya koya musu boko da lissafi da Turanci, ya kuma riƙe su da horo mai tsanani. Mu da mu ke koyon aikin malanta mun san abin da a ke nufi da a maimaita wa yaro baƙi ɗaya sau ashirin, gobe ya zo ya manta. Haka ya yi ta yi shekara da shekaru, waɗanda suka karɓi addininsa kuwa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Ya yi babban shiri na makarantar 'ya'yan sarakuna da ta malamai, da nufin in shugabanni suka juyo talakawa za su bi. Sarakuna suka ƙi ba da 'ya'yansu, shirin ya watse. Gwamnati ta juya ga Hanns Vischer, wanda mu ke kira Ɗan Hausa, shi ma da aikin Mishan ya fara zuwa ƙasan nan, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano cikin 1909, ba tare da wa'azi ba. Daga reshen nan ne Kwalejin Katsina ta tsiro, da sauran makarantun horon malamai na Gwamnati. Watau abin da Mila ya fi so a ba shi, wani aka ba.

Sa'an nan, cikin 1913, sai ga waɗansu samari sun yi sallama a gidansa, da wani labari wanda bai taɓa mafarkinsa ba. Kamar yadda zuriyarsu ke bayarwa, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami a birni, Malam Ibrahim, wanda ya yi ta bin ayoyin Alkur'ani da suka ambaci Annabi Isa ɗan Maryamu, har ya ɗaukaka shi fiye da yadda malamai suka yarda. Ya tara almajirai, aka kira shi ya janye maganarsa, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano wajen 1867. Almajiransa, waɗanda a ke kira Isawa, suka watse, waɗansu suka fake a duwatsun Ningi, waɗansu suka ɓuya a ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau da Bauci. Mu mutanen gabashin Kano, in an ambaci Ningi ta wancan zamani, labarin hari da kamun bayi mu ka gada; ba mu san cikin duwatsun nan akwai masu jiran wani littafi ba. Gama sun riƙe wasiyyar malaminsu cewa wata rana waɗansu za su zo da cikakken labarin Isa. Fiye da shekara arba'in suna jira, tsofaffi suna mutuwa suna bar wa 'ya'ya, har samarin nan suka ji labarin wani Bature a Zariya mai zancen Almasihu da Hausa.

Ku duba fa. Shekara goma sha uku yana ƙwanƙwasa ƙofofin fada ba a buɗe ba, sai ga gonar da wani malamin Kano ya shuka da jininsa tun Mila bai zo duniya ba, an ce ya zo ya girbe. In ana neman misalin abin da Kirista ke nufi da alheri cikin rayuwar mutumin nan, ban ga wanda ya fi wannan ba, shi ma kuwa haka ya ɗauke shi.

Aka sami fili a Gimi, cikin ƙasar Zazzau, Isawa da dama suka taru da iyalinsu suka kafa gari, da majami'a da makaranta da gonaki. Wani limami baƙar fata daga tsibiran Indiya ta Yamma, Thompson, ya zauna tare da su. Ba a daɗe ba sai ciwon barci ya faɗa wa garin, gama akwai ƙudan tsando a bakin rafin wurin. A lokacin nan maganin ciwon bai wadata ba. Likita yana ji yana gani mutanen da suka yi jiran shekara arba'in suna gyangyaɗi suna ramewa suna mutuwa, cikin 'yan shekaru kaɗan garin ya zama kufai. Aka kwaso sauran, galibi yara, aka kawo su Zariya. Na daɗe ina juya wannan a raina. Mai sauƙi ne mutum ya yi zancen alherin Allah ranar da baƙi suka yi sallama da albishir. Ranar da a ke haƙa kaburburansu fa? Abin da tarihi ya nuna shi ne bai naɗe tabarmarsa ya koma gida ba. Ya buɗe aji da yaran da suka ragu, ya ci gaba daga inda aka tsaya.

Kada kuwa ku ɗauka waliyyi na ke zana muku. Likita mutum ne mai zafin rai da kaifin harshe, wanda in ya ga abu daidai ne ba ya jin kiran kowa. Ya yi rigima da Razdan bayan Razdan, ya yi da abokan aikinsa na Mishan. Cikin rubuce-rubucensa ya faɗi maganganu masu ɗaci a kan Musulunci da sarautar Filani, waɗanda ba Musulmin da zai karanta ransa bai ɓaci ba, sau da yawa kuma ya yi wa mutane kuɗin goro. Tsakaninsa da Sarki Aliyu ɗan Sidi, wanda a zamaninsa ya sami wurin zama, abin ya lalace ƙwarai. Ƙararrakin da ya yi ta kai wa Gwamnati na zalunci da cinikin bayi a ɓoye suna cikin abin da ya jawo aka tuɓe sarkin, aka kai shi Lokoja, ya rasu can cikin 1924. Sarkin nan kuwa malami ne, mawaƙi, wanda Zazzagawa ba su manta ba. Waɗansu sun ce Mila ya tsaya wa talaka ne a lokacin da ba mai tsaya masa, akwai kuwa gaskiya a nan. Waɗansu sun ce baƙo ne da aka ba shi inuwa ya sare itacen. A ganina mai wa'azin gafarar da ba a cancanta ba ya kamata ya fi haka sassauci ga abokan gabansa.

Daga bisani Gwamnati da fada suka haɗu a kan lalle Mishan ta fita daga cikin birni. Cikin 1929 aka koma Wusasa, a gindin dutse, bayan ganuwa, aka gina majami'a da ƙasa bisa fasalin ginin Hausa, aka sa mata sunan St. Bartholomew. Ran Mila bai so ƙauran nan ba, gama yana ganin wanda ya fita daga cikin mutane ya fita daga zukatansu. Ya bar wa waɗansu riƙon wurin, ya koma Kano, garin da aka kore shi shekara talatin da suka wuce, ya duƙufa kan aikin da ya daɗe yana yi a hankali, watau juya Littafi Mai Tsarki.

Ba shi ya fara ba. Wani Bajamushe, Schön, ya buga Sabon Alkawari da Hausa tun 1880, amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, a bakin 'yantattun bayi ya koya, musamman wani yaro Dorugu. Mila kuwa ya sha Hausa a kasuwa da zaure da bakin majinyata. Ba kuma shi kaɗai ya yi ba: akwai Turawan waɗansu ƙungiyoyin Mishan, akwai kuma Hausawa irin su Malam John Tafida, waɗanda kunnensu ne ma'aunin kowace jimla. Cikin 1932 littafin ya fito cikakke, da Attaura da Zabura da Annabawa da Linjila.

A nan na ke so mu ɗan dakata, mu da za mu koyad da harshen nan. Manyan kalmomi uku da addininsa ya rataya a kansu, ba a ƙago su ba, ba a kuma aro su daga Turanci ba. A tsakar gidanmu aka tsince su. Alheri shi ne goron da a ke miƙa wa baƙo, shi ne kwanon hatsin da a ke aika wa gwauruwa da dare ba mai gani. Ba lada ba ne, ba biyan bashi ba ne. Ceto shi ne abin da mai shiga rijiya ya ke yi wa yaron da ya faɗa, shi ne kuma abin da dattijo ya ke yi in ya faɗi gaban sarki saboda mai laifi. Musulmi ma da kalman nan mu ke zancen ranar tsayuwa. Bangaskiya kuwa ba da gaskiya ce, kamar yadda falke ke ba abokin cinikinsa kaya ba shaida ba takarda. Masu ba da tarihi sun ce Kano, maƙerin da birni ya ci sunansa, daga Gaya ya tafi Dala neman tama, saboda haka mu Gayawa muna da ɗan abin faɗi a kan ƙira. Maƙeri ba ya halittar ƙarfe, samunsa ya ke yi, ya sa a wuta, ya lanƙwasa. An kuwa lanƙwasa kalmomin nan. Bahaushe in ya ce alheri danƙo ne, yana sa ran wata rana zai komo masa. Alherin da littafin nan ke nufi kuwa kyauta ce wadda mai karɓa ba shi da abin ramawa har abada. Ga kalma ɗaya, ga kaya biyu, mai karatu kuwa ba ya jin inda aka yi ɗori. Littafin da na gani hannun dattijon nan sabuwar juyawa ce wadda aka fitar wajen 1980, amma kalmomin nan uku suna nan inda aka ajiye su.

Yaran da aka goya a Durumin Maigarke da Wusasa ba su da yawa, amma an ji su. Dokta Barau Dikko shi ne ɗan Arewa na fari da ya zama likita irin na Turawa, ya karanto a Birmingham, yana kuma cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Farfesa Ishaya Audu, wanda ubansa daga zuriyar Isawa ya ke, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi, ko da ya ke a lokacinsa Likita ya riga ya bar wurin. Mutumin da aka hana shi 'ya'yan sarakuna, sai ga 'ya'yan marayu da na manoma sun zauna a kujerun da bai taɓa zato ba.

Cikin 1935 ya ajiye aikin C.M.S. ya koma Ingila, ya rubuta littafin tunawa da abin da ya gani, aka buga cikin 1936. Amma zaman can bai karɓe shi ba. Cikin 1939 ya komo Nijeriya, tsoho, ba shi da muƙami. Bai daina faɗa ba. Cikin 1947 ya fid da wani littafi yana tuhumar Turawan mulki da En'e a kan barin talakawan Arewa cikin jahilci da danniya, a daidai lokacin da samarin Arewa masu ilmi, Musulmi da Kirista, suka fara ɗaga murya a kan abu ɗaya. Ya zauna a Bukuru, kusa da Jos, tsofaffin ɗalibansa suna zuwa gaishe shi. A nan ya rasu cikin 1952, yana da shekara 80, shekara 52 bayan ranar da Sarki Alu ya sallame shi daga Kano.